Gaisuwar da Kaka Bai Ji Ba

Duk lokacin da na ji ƙanshin man kaɗanya a wuta, sai in tuna kunnen kakana. Kakata kan ɗumama man ta ɗiga masa da gashin kaza, wai ko kunnen zai buɗe. Masunci ne a Argungu, ya sha nutso tun yana saurayi, kuma da tsufa ya zo ruwan ya karɓi ladansa.

Ba wanda ya taɓa faɗin sunan ciwon a gidanmu. Kalma ɗaya muka sani, kurma, wa kuwa zai buɗe baki ya kira dattijo haka? Sai muka yi ta yi kamar ba komai.

Ka san yadda ake gai da suruki a wajenmu. Innata kan durƙusa daga bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai, ta yi gaisuwa can ƙasa-ƙasa. Shi kuwa Kaka ya koma kallon leɓe don ya gane magana. Mu jikoki da ke masa ihu muna tsokanarsa ya fi jin daɗinmu. Ita da ta fi kowa ladabi, ƙeyarta kawai yake gani.

Wata damina ya fara mayar da tuwonta ba a taɓa ba. Na ji shi yana tambayar babana da ƙarfi, don bai san muryarsa na tashi ba: "Mi niy yi ma ɗiyag ga? Sai ta taho ta duƙa ta tashi, ko uffan." Inna tana bayan danga, ta ji duka.

Bayan an yanke shinkafa aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Wata nas, mutuniyar Filato, ta ce a Turanci kalmar wanda ba ya ji sam daban take da ta mai nauyin kunne, kuma Kaka na biyun ne. "Ku dube shi ido da ido, ku ɗaga murya, zai gane."

Babana ya kawo wa Inna saƙon. Da safe wajen gaisuwa na gan ta ta ɗago kai har ta kai ga gemun Kaka, sai ta sake sunkuyawa. "Ba ni iyawa," ta ce mini, tana share hawaye. Na yi ta faɗa masa a kunne cewa tana gaishe shi kullum. Ya ce kare uwata nake yi. Da wannan zaton ya rasu, abin yana ci mini rai har yau.

Yanzu Inna na tare da mu a unguwar Gesse a Birnin Kebbi, nata kunnen ma ya yi nauyi. Matata kan zauna gabanta ta dube ta, ta ƙwala mata ina kwana, duk maƙwabta na ji. Na zaci Inna za ta ce rashin kunya ne. Rannan sai ta riƙe hannun matata ta ce, "Ke kin huta. Ni nawa surukin ya tahi bai san ina gaishe shi ba."