Kofin Baba Babu Ko Ɗigo

Mu 'yan kasuwar da ke zaune a Guangzhou ba ma kai ƙara gaban hukuma. Wa zai tsaya yana fassara wa ɗan Chana rigimar Bakano da Badamagare? Alƙalinmu gare mu, kuma mu ke zaɓensa. A gida gwamnati ke naɗa alƙali, a nan kuwa shayi ke naɗa shi.

Bayan kowace Babbar Sallah mukan taru a wani gidan abincin Musulmi kusa da titin Guangyuan. 'Yan takara su jera kofunansu, butar shayi ta zagaya hannu-hannu, kowa ya ɗiga wa wanda ransa ya kwanta da shi. Wanda kofinsa ya fara tumbatsa, shi ne alƙali. Har yau in na rufe ido ina ganin tururin nan yana tashi a hankali, ruwan sama na gangarowa a gilashin taga, fuskoki suna ɓacewa suna dawowa.

Tun zuwana kofi ɗaya ke cika, na wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai tura kaya ta jirgin ruwa. Baba muke ce masa. In ya yanke hukunci, wanda aka kayar ma yakan raka shi har bakin titi. Amma kowace shekara sai ya roƙe mu.

"'Ya'yana, ku sake ni mana. Jikokina ba su san fuskata ba sai a waya."

Mu yi dariya, mu cika masa kofi. Shi kuma ba mai tafiya ya bar amana ba ne, sai ya ƙara shekara.

Shekarar da ƙafafunsa suka fara kumbura, muka haɗa baki a ɓoye za mu sallame shi. Buta ta zagaya, kowa ya wuce kofinsa kai a sunkuye, aka cika na wani Bakano mai sarin takalma. Da ta iso hannuna sai da na ji kamar in saɓa alkawari, amma na daure.

Baba ya daɗe yana kallon busasshen kofin. Na zaci murna zai yi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Sannan ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗana, ko ɗigo ɗaya? Wani na zalunta ban sani ba?"

Na rantse masa, na sake rantsewa, cewa don ya tafi gida muka yi haka. Ya gyaɗa kai kawai. Ya koma Kumasi kafin sanyi ya shigo, kuma wallahi har yau ban tabbata ya yarda da ni ba.