Kamu Ɗari Ne, Ba Tamanin Ba

Har yau a cocinmu na Doha cewa ake yi na ci mutuncin dattijo saboda kwali. Ba kwali ba ne. Kwali ga shi nan jibge a filin jirgin sama inda nake shara, kullum ni nake kwashe shi.

Ni ke koyar da yara ranar Juma'a, ranar da muke sujada a nan. Da muka iso inda Allah ya nuna wa Musa fasalin alfarwa ta sujada a kan dutse, sai matan zumunta suka ce in tsallake, wai awo ne kawai, yara za su yi barci. Haushi ya turnuƙe ni. Allah da kansa ya faɗi tsawo da faɗi, ko launin labule bai bar wa mutum ya zaɓa ba, mu kuma mu ce ba daɗi? Haikalin ma ai ba daga kansa Dauda ya tsara wa ɗansa ba.

Sai na ce zan gina wa yaran samfurin alfarwar da kwali su gani da ido. Farfajiyar kamu ɗari ce a tsawo, hamsin a faɗi. Na mai da faɗin babban yatsana kamu ɗaya. Mako biyar ina fama in na taso aiki. 'Yar ɗakinmu, Bakanuwa Musulma, ita ta raka ni kasuwar Souq Waqif neman ƙyalle shuɗi da ja da shunayya, ta ɗinka labulen da hannu, tana tsokanata wai na zama birkila.

Ranar kaiwa aka sa ni aikin safe. Wani dattijon coci, direba a unguwar Al Mirqab, ya ce zai ɗauka a motar kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki. Da na iso na tarar da abin a kan tebur ya gajarce, an naɗe tsakiyarsa da salatif. Na auna da yatsa. Kamu tamanin.

"Baba, me ya sami farfajiyar?"

"Ai but ɗin motar ne ya ƙi rufuwa, 'yata. Na ɗan rage ta da wuƙa."

"Ka rage ta? Wa ya ba ka awon?"

"Khalas, ya isa, yarinya. Kwali ne fa."

"Da kafil ɗinka ne ya aike ka da katako, za ka yanke masa saboda but?"

Wata a baya ta ƙyalƙyale da dariya, abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan. Shugabar zumunta ta ja ni waje ta ce, "Ke, bakinki ya yi yawa. Ko ki ba shi haƙuri a gaban jama'a mako mai zuwa, ko ki ajiye ajin yara."

"Mama, shi da ya yanke fa?"

"Shi ya haife ki."

A bas na yanke shawara. Ajin nan shi kaɗai ne wurin da ba a miƙo min tsintsiya a ƙasar nan, ba zan sake shi ba. Zan durƙusa in ba Baba haƙuri kan ɗaga murya, don sa'an ubana ne, amma bakina ba zai ce yankan daidai ne ba. Farfajiyar kuma zan sake ta gida biyu, kamu hamsin-hamsin, in rungume ta da kaina a jirgin ƙasa, ko duk fasinjoji za su harare ni.