Jitar Baba Dogo Ta Biyu

Duk shekarun da na yi ina fentin jita, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Asabar da aikin hannuna ya kusa sa a ƙone ni da rai a bakin babbar kwatar da ta raba unguwarmu Nima da unguwar Maamobi. Ku 'yan koyo, ku ajiye samfefar nan ku matso. Wallahi har yanzu idan na ji warin fetur a cikin taro sai in nemi hanyar fita.

A lokacin ni ne siniya a shagon Masta Seidu, wato babba a cikin masu koyo. Masta na sama, ni ke bi masa, na ƙasa da ni su ke wanke bindigar feshi. Aikinmu a kan jitar lantarki iri biyu ne. Akwai mai sheƙi: a fesa kala, a bi da ruwan ƙyalli hawa-hawa, a goge har mutum ya ga haƙoransa a jiki. Shi mutanenmu ke so, don ɗan zango, wato ɗan unguwannin nan namu, ba ya sayen sabon abu ya yi kama da tsoho. Akwai kuma na tsufa, wanda 'yan boga, wato 'yan uwanmu mazauna Turai, suka zo mana da shi. Sabuwar jita dal za a kawo, a ce mu mayar da ita kamar ta sha wuya a hannun makaɗi. Sai mu cinye fentin da samfefa a inda hannu ke gogawa, mu bubbuga ta da tarin makullai, mu jiƙa robobin da ruwan shayi su yi ruwan ɗorawa, mu turara ƙarafan da ruwan gishiri su kama tsatsa. A ƙarshe a shanya ta a rana ta yi zafi, a sa a firji, fentin ya tsattsage siriri-siriri. Masta kan yi tsaki ya ce, "Duniya ta zo ƙarshe, a biya ka ka lalata abu." Amma aikin yana ci, kuma ni aka bar wa shi.

Wani ɗan boga ya kawo jitarsa ya ce, "Cale, abokina, so nake ta zama kamar ta Baba Dogo." Babu wanda bai san Baba Dogo ba a zango. Tsohon makaɗi ne, tun muna yara shi ke kiɗan awure da suna, da wata jar jita da ta tsufa tare da shi. Idonsa ya riga ya yi rauni, amma hannun na nan. Na bi shi bukukuwa ina tsayawa a gaba ina ƙare wa jitar kallo: farin katakon da ya fito a inda damtsensa ke kwanciya, ɓantarewar da ke gefen ƙasa, ƙunar taba a can kai kusa da maɗaurin wayoyi. Duk na kwashe na zuba a ta ɗan boga. Ba yabon kai ba, Masta da kansa da ya gani sai da ya riƙe baki.

Saura firji. Namu ƙarami ne, don haka da safiyar Asabar ɗin na sa jitar a buhun shinkafa na kai gidan Hajiya Memuna a Maamobi, mai sayar da ƙanƙara, ta ara mini babban nata. Abin da ban sani ba shi ne, a asubar ranar, Baba Dogo yana masallaci aka fasa ɗakinsa aka ɗauke jitarsa. Labari ya zaga Maamobi kaf, bai ƙetaro Nima ya same ni ba.

Bayan azahar na koma na ɗauko ta. Ina tafe, kan jitar ya leƙo ta bakin buhu. Na kusa hawa gadar kwata sai na ji an damƙi rigata ta baya. Wani ƙaton mahauci ne, Garba.

"Kai, me ke cikin buhun nan?"

"Aiki ne, Yaya. Na shagonmu."

Ya fizge buhun. Yana ganin ƙunar tabar nan ya ɗaga murya, "Ga ta nan! Ɓarawo! Julo!"

Inna lillahi! Ban san daga ina mutane suka fito ba. Kafin in buɗe baki na sha mari, na sha gora a gadon baya, ina ƙasa. Wayata ta faɗa kwata, ga Masta ya tafi kasuwar Zongo Lane sayen fenti. Ina ta ihu, "Ba tasa ba ce! Sabuwa ce, ni na tsufar da ita!" Dariyar mugunta suka yi. Wani ya ce, "Ji ɗan iska! Wane mahaukaci ne zai kankare sabon abu?" To me zan ce masa? A zango wanda ke goge kamannin kaya ɓarawo ne, kowa ya san haka. Wata ta taɓa jitar ta ce, "Ku ji sanyi! A firji ya ɓoye ta!"

Aka kira Hajiya Memuna. Na yi zaton ceto ya zo. Baiwar Allah gaskiya ta faɗa: "Shi ya kawo ta da safe, a cikin buhu." Shi ke nan, kamar ta zuba mai a wuta. Na ga ana garo taya. Aka zura mini ita ta kai, ta danne mini hannuwa. Wani mai babur ya zare tiyo yana tsiyayar fetur a gorar roba. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kalmar shahada ma sai rabi take fita. Tunanin tsohuwata kawai nake yi, wa zai je ya gaya mata.

Hajiya ce ta shiga tsakiya ta kwance mayafinta ta ɗaure ƙugu. "Wallahi babu mai ƙyasta ashana sai mai kaya ya zo ya ga kayansa! Ku ɗauko Baba!"

Aka zo da shi riƙe da hannu. Garba ya miƙa masa jitar. Ya kawo ta daf da idonsa, ya shafa inda fentin ya cinye, ya laluba ɓantarewar gefe, ya kai yatsa kan ƙunar taba. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

A nan na sallama. Na ji sanyin fetur a wuyana.

Sai tsohon ya rungume ta yadda yake yi in zai kaɗa, hannun hagunsa ya zagaya bayan wuyan jitar. Ya tsaya cak. Ya sa babban yatsa ya bi sama, ya bi ƙasa, ya sake bi. Ni kuwa bayan wuyan nan ban taɓa shi ba, yana nan da sheƙinsa sumul, don daga cikin 'yan kallo ba a ganin wurin. Ina kallon bakin Baba, don na san jitarsa ta tafi, ga wata a hannunsa da duk Maamobi ta shaida tasa ce. Ko shiru kawai ya yi, ya samu jita, ni kuma na tafi.

Ya ce, "Ba tawa ba ce."

Garba ya ce, "Haba Baba, dubi ƙunar taba!"

"Na gani. Na ce ba tawa ba ce. Tawa tana da kwarmi a nan, yatsan nan ne ya haƙa shi." Ya ɗaga babban yatsansa da ya yi kanta. "Wannan babu wanda ya taɓa cin abinci da ita. Ku cire wa ɗan mutane taya."

Aka cire. Taro ya watse sum-sum, ko sannu babu. Hajiya ta wanke mini kai da sabulu tana kuka. Giɓin nan da kuke tsokanata da shi, can na bar haƙorin.

Jitar Baba ba a sake ganinta ba har yau. Da na warke, Masta ya ja ni muka je gaishe da Baba, ya ce shago zai haɗa masa wata kyauta. Ni da zumuɗi na ce, "Baba, zan yi maka ita sak irin waccan, wannan karon har kwarmin."

Ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Yi mini mai sheƙi, wadda ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Tsufan ka bar mini, ni zan sa mata da hannuna in Allah Ya ara mini kwana."

Haka na yi. Ban taɓa goge jita da hawaye ba sai ita.

Har gobe ina aikin tsufa, don da shi nake ciyar da iyali, kuma ba haram ba ne. Amma tun daga ranar ba na ɗaukar tabon wani makaɗi in liƙa a kayan wani, ko me za a ba ni, ku ma ba za ku yi ba muddin kuna ƙarƙashina. Mu gaban jita muka sani, abin da ido ke gani. Mai ita ne ya san inda ta ci shi, ya ci ta. Baba ya yi 'yan shekaru yana kiɗa da sabuwar kafin ya rasu. Ranar sadakarsa iyalinsa suka miƙo mini ita in duba. Na juya bayan wuyan, na sa yatsa. Sheƙin ya fara dusashewa a wuri ɗaya, kwarmin bai kai ga nutsawa ba.