Kunkuru da Turumbar Ruwa

Motar ta girmi 'yarmu. Na saye ta ne a hannun wani injiniya Bafaranshe da ya gama aikinsa a tashar jiragen ruwa ta Jidda zai koma gida, lokacin ina yi wa kamfaninsu tafinta. Doguwar farar mota ce ƙirar ƙasarsu, irin wadda mutanen nan ke ce wa karafan. A bayanta akwai gado, da ɗan murhun gas, da tankin ruwa, da wurin jera kwanuka. Kafin in zo nan na zauna a Bur Sudan, da Injamena, da Tarabulus, har Marsiliya na yi dako a bakin teku, kuma duk inda na je ɗakin haya ne. Da na ga ɗaki mai tayu huɗu sai zuciyata ta ƙi barinsa.

Ranar da na faka ta a ƙofar gidanmu a unguwar Ruwais, matata Hajiya ta fito ta zagaye ta, ta riƙe haɓa.

"Malam, mutane na sayen fili a gida, kai ka sayo mana kunkuru."

Sunan ya bi motar. Amma ita ce ta ɗinka labulen tagogin da ragowar atamfa, ita ta san inda cokali yake da inda gishiri yake. In zafi ya yi tsanani mu hau duwatsun Ɗa'if mai sanyi, in an samu hutu mu gangara bakin teku ta kudu. Kowace shekara kuma, in alhazai sun watse hanya ta yi sauƙi, sai mu nufi Madina. A hanya take tuƙa tuwon asida a kan murhun nan, ni ina gefen titi ina jira injin ya huce.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, zama ya gagare ta. In an jingina ta da filo na ɗan lokaci sai numfashi ya fara yi mata wuya, dole a kwantar da ita. Kunkuru ya tsaya a ƙofar gida yana shan ƙura da gishirin iskar teku. Wata safiya ina ba ta kunu, ta kau da cokalin.

"Ina son in je in yi wa Manzo sallama."

'Yarmu, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa sarai amma Larabci ya fi zama a bakinta, ta ce ai akwai jirgin ƙasa, kafin a gaji an isa. Hajiya ta ce a jirgin ƙasa zama ake yi. 'Yar ta ce to a ɗauko motar asibiti.

"Wannan ta masu tafiya ce ba dawowa. A gadona zan je."

Ni na san gadon da take nufi. Likita bai hana ba, ya dai ce in za a yi, a yi da wuri.

Na sa sabon batir, na zuba mai, Kunkuru ya yi tari ya tashi. Na zaga unguwa da shi, kafin in dawo allurar zafi ta hau sama, ruwa na tsiyaya ta ƙasan injin. Turumbar ruwa ce, famfon da ke zagaya ruwa tsakanin injin da lagireto. Tsatsa ta cinye cikinta.

Na fara da shagon wakilan kamfanin. Wani saurayi mai fara'a ya daddanna kwamfuta, ya juyo mini da fuskarta kamar zan ga abin da bai gani ba.

"Ya ammi, an daina yin ta. Halas." Wato da Larabcinsu, kawu, magana ta ƙare.

Na sha jin wannan magana a Marsiliya, can ma abu in ya tsufa sai a ɗaga kafaɗa. A Umdurman ko Injamena kuwa ban taɓa jin makanike ya ce an daina yin abu ba. Can mota ba ta mutuwa sai mai ita ya gaji. Jidda ta biyo halin Marsiliya, sai dai tana da tashlih, wato filayen da ake yanka matattun motoci ana sayar da sassansu.

Tashlih na da ƙa'idarsa. Ba a zuwa da suna ko lamba, da tsohon ƙarfen ake zuwa a hannu. Na kwance turumbar, na sa ta a buhun shinkafa, na shiga bin filaye ɗaya bayan ɗaya a cikin rana. Mutumin Afganistan ya karɓa ya juya ta, Bayamane ya auna nauyinta a tafinsa, wani ɗan ƙasarmu Sudan ya ba ni shayi ya ce tun yana yaro rabonsa da irinta. Ta Japan ce da ta Amurka suka cika wurin, tuli a kan tuli. Kowa ya miƙo mini ita sai ya ƙara da gargaɗi guda: kada ka bari tsohuwar ta bar hannunka, ita ce shaidarka.

Sai na tuna injin irin wannan ya taɓa cika hanyoyin Najeriya. Ni ban da kowa a can. Kakana ne ya taso daga Kano da ƙafa zai zo Makka, ya yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Amma na roƙi wani ɗan kasuwa mai kai da komo, ya kawo mini guda daga Kano, sabuwa fil a kwalinta. Na ɗora ta a kan injin, ramukan ƙusoshi suka yi daidai, wuyanta ya ƙi. Ta ƙaramar mota ce, tiyon Kunkuru ta wani gefen yake fita.

A nan aka yi mini kwatancen wani makanike a unguwar Mahjar. Bazazzage ne, ya zo umara shekaru da yawa da suka wuce bai koma ba. Yana aiki a bayan wata warsha, wato gareji, da ba tasa ba, a lungun da ba a hango shi daga titi. Da ya ji inda kakana ya fito sai ya ajiye sifana ya washe baki.

"Ashe bawana ne ya zo. Baba, ku Kanawa ko mota sai kun sayi wadda ba ta da dangi?"

"Yi mini shiru, ɗan Zazzau. Duba ka gani in kana da ido."

"Ido kam akwai. Hausar ce taku ta Sudan ban gane ba, rabi Larabci rabi ta kakanni."

Ya jera turumbobin biyu a kan benci, ya daɗe yana shafa su da yatsa kamar mai sayen yadi. Ya ce gangar tsohuwar lafiyarta lau, kayan cikin sabuwar ma lafiya lau, zai aurar da su. Zai fitar da sanda da fanka da boris na sabuwar ya dasa a cikin tsohuwar, amma sai ya kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya ɗan rage sandar. Dole in bar masa duka biyun. Na gaya masa abin da ya sa nake sauri. Ya daina dariya.

"Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka zo bayan Juma'a, Baba. In kun isa ku sa ni a addu'a, ni shekaruna nawa a ƙasar nan ban ga Madina ba. Shingen hanya ba ya barin irinmu."

Na naɗe buhun shinkafar na koma gida da shi wayam. Na ce wa Hajiya ta fara shiri. Ta sa 'yarmu ta wanke labulen, ta fiddo farin mayafinta daga ƙasan akwati.

Ranar Asabar na tarar da ƙofar warshar a garƙame. Wani ɗan Bangladash mai facin taya a maƙwabta ya dube ni, ya haɗa wuyan hannayensa biyu ya ɗaga.

"Jawazat," ya ce.

Jami'an shige da fice ke nan, sun zo duba iƙama, takardar izinin zama, ranar Alhamis, an kwashe duk marasa takarda. Na nemi mai warshar. Kafin in same shi tsoro ya riga ya sa ya share wurin, ya kira masu sayen ƙarfe a kilo sun kwashe duk abin da ke kan benci da ƙarƙashinsa. Ya yi mini kwatancen filin da suke zubewa a unguwar masana'antu ta nan Jidda. Na je. Tsibin ƙarfe ne ya fi gidanmu tsawo, injin na matse shi yana mayar da shi dunƙule-dunƙule. Mai gadin ya bar ni na ɗan tona da sanda, daga baya ya kawo mini kujera da ruwan sanyi.

Yanzu ko shaidar ma babu. Na koma tashlih ina zana wuyan turumbar da yatsa a kan ƙasa, suna girgiza kai.

Na gaya wa Hajiya bayan la'asar. Ta kalli silin, sannan ta tambayi labarin makaniken, ko yana da iyali a nan. Na ce ban sani ba. Ta ce Allah ya kai shi gida lafiya.

"To a kai ni ciki," ta ce.

Ni da mijin 'yarmu muka ɗauke ta a bargo muka fita da ita. Muka kwantar da ita a gadon Kunkuru, a nan ƙofar gida, masu wucewa na kallo. Ta shaƙi iska ta ce har yanzu ƙanshin hulba na nan. Ta ce in shiga gaba in zauna a mazaunina. Na shiga na riƙe sitiyari.

"Ina muka kai, Malam?"

Na ce mun bar gari, ga Usfan a gaba.

"Kada ka yi gudu. Ka san halinsa."

Na ci gaba da faɗa mata hanya. Ga baƙaƙen duwatsun nan, ga raƙuman da ke tsallaka kwari, ga gidan man da muka taɓa kwana lokacin da taya ta fashe. Ta ce a nan ne na mance tukunya a kan rufin mota. Na ce ita ta mance. Ta yi 'yar dariya da gefen bakin da ke motsi. 'Yarmu na tsaye a bakin ƙofa ta juya mana baya. Ina cikin cewa saura kaɗan mu hango dabinon gari, na waiwaya na ga barci ya ɗauke ta. Ban ƙarasa ba. Muka bar ta har aka kira magariba.

Ba ta sake tambaya ba, kuma ba ta kai azumi ba. A nan Jidda aka binne ta.

Bayan Babbar Salla da 'yan watanni, an buɗe umara, wata dattijuwa 'yar Zariya ta yi ta tambaya har aka kawo ta ƙofar gidanmu. Ta sauke wani ƙunshi a tsohon zane, ta yarfe hannu.

"Alhaji, karɓi kayanka. Ƙarfen nan ya cinye mini kilo, ko yajin da zan kawo wa 'yata sai da na rage."

Na kwance. Turumba ce tsohuwa, an wanke ta da fetur, an sa mata sabon boris. Wuyanta ya karkata ta gefen da ya kamata. Dattijuwar ta danna wayarta ta miƙo mini, muryar ɗan Zazzau ta fito da hayaniyar gareji a bayanta.

"Bawana, ka ce na gudu da kayanka ko? Na yi wata biyu a tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, kafin a sa mu a jirgi. Na zaga Zariya da Kaduna ban samu ba, sai a bayan wani gidan burodi, a jikin motar da kaji ke kwana a ciki. Hannuna bai mance wuyanta ba. Ka ɗaura ka gani. Ka gaida Hajiya, ka ce kada ta mance da addu'ata."

Dattijuwar ta dubi fuskata, ta dubi cikin gidan, ta gane. Ta zauna a dakali ta yi salati a hankali.

Washegari na ɗaura ta. Ta zauna daidai, ko wasa ban yi da ƙusa ba. Na bar injin yana aiki har rana ta take, allura ba ta motsa ba, ƙasa a bushe. 'Yarmu ta fito ta tsaya inda ta tsaya ran nan. Ta yi ƙoƙari ta haɗa maganar da Hausa.

"Baba, za mu je?"

Mun je. Ita ta kwanta a gadon, da farin mayafin a ƙarƙashin kanta. Ban yi gudu ba. A gidan man nan na tsaya na bar injin ya huce, duk da bai yi zafi ba, muka sha shayin kanti don babu wanda ya taɓa murhun. Da muka isa na yi wa Manzo sallamar Hajiya, na yi wa ɗan Zazzau addu'arsa. Daga harabar masallacin na aika masa da murya. Na ce turumba ta yi, ta kawo mu. Sannan na gaya masa sauran.