Iskar da Aka Rage Mini a Taya

Ko da zan manta komai na zamana a Guangzhou ta ƙasar Sin, ban da safiyar da na rasa jan keken nan.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina saro kayan keke ina aikowa Kano. Wanda nake saye a wurinsa wani dattijo ne Basine, muna ce masa Lauban, wato maigida. A bangon shagonsa akwai wani jan keken tsere, mara nauyi, da yatsa biyu sai ka ɗaga shi. Na taya ya fi a ƙirga, amsar ɗaya ce: "Meyo." Wato babu.

Sai ga wani abokina Bamaraɗe ya zo gari, ni da ƙafata na kai shi shagon. Ya taɓa zama a Faransa, kuma ya zo da kaset ɗin bidiyo na wani tseren keke da ake yi can a yini guda, kan tsofaffin hanyoyi masu daɓen duwatsu. Muka kalla a shagon: mutane sun yi buɗu-buɗu da taɓo, keke na karkarwa, wani ya faɗi ya tashi da jini ya sake hawa. Ashe Lauban tsohon ɗan tsere ne. Tun daga ranar shayi sai an fara zuba wa Bamaraɗe, ni da na shekara ina kawo ciniki sai a nuna mini kujera da haɓa. Kishi ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Ko dariyar Bamaraɗe ce na ji sai raina ya ɓaci.

Rannan Lauban ya shafa gwiwarsa ya ce ya daina hawa. Ya ce ni da Bamaraɗe mu yi tsere a lungunan dutse da ke bayan Masallacin Huaisheng, wanda ya riga isa shi zai ɗauki jan keke. Ni da na tashi ina kai kaya Wudil a keke? A raina har na gama zaɓar inda zan jingine shi.

Da safe an ɗan yi yayyafi. Lauban ya kawo kekuna biyu iri ɗaya. Na je shan ruwa, ina dawowa na tarar da Bamaraɗe tsugune gaban nawa, yatsansa a kan bawul ɗin taya, iska na fita.

"Malam, me kake yi wa kekena?"

"Kai Bakano, dutse ba ya son taya mai tauri. Bari in rage maka kaɗan."

"Allah ya saka da alheri. Je ka rage naka."

"Ai na rage," in ji shi.

Ban ko duba ba. Na fizgi famfo na ɗura iska har tayar ta yi tauri kamar ƙarfe, yadda kowane mai faci a Kano zai yi maka. Lauban yana kallo yana girgiza kai, na ɗauka haushi yake ji na gano su.

Da farko ni ne gaba. Muna shiga duwatsun keken ya fara tsalle da ni, haƙorana na haɗuwa, hannuwana suka mutu. A kwana ta biyu tayar gaba ta zame, sai ga ni kwance cikin kwandon kabejin wata tsohuwa, tana zazzaga mini masifar da ban ji ko kalma ɗaya ba. Bamaraɗe ya zo wucewa lafiya lau, ya ja birki.

"Ka ji ciwo?"

"Wuce abinka," na ce.

Ya kuwa wuce. Da na iso da ɗingishi, na matsa tayarsa da babban yatsa. Ta lotsa.

Ya tafi da jan keke Maraɗi. Amma na koyi abu guda: in kishi ya cika ka, mai taimakonka ma ɓarawo kake ganinsa. Da na matsa tayar nan kafin tsere, ba bayansa ba, wataƙila da keken yana zaurena.