Zaren auduga a bakin wuƙa

Jiya, a wurin sunan jikana, wuƙar kanti ta cije a wuyan rago har sai da na ja sau biyu. Nan take na tuna da tsohon maƙerin nan na hanyar Gude.

Al'adarsa ce idan ya gama wasa wuƙa ya bi bakinta da auduga; muddin zare ɗaya ya maƙale, ba za ta bar maƙerarsa ba. Ranar jajibirin wata Babbar Salla na je karɓar tawa, ga ƙaurin gawayi, ga ƙotar ƙaho tana sheƙi. Zare ya maƙale a wata 'yar tsaga. Sai ya cire ƙotar, ya mayar da ƙarfen wuta.

Na ce, "Baba, ni za ka koya wa hukuncin yanka?"

Ya ce, "Malam, kai a littafi ka karanta. Wuyan rago ne zai ji."

Na fita da fushi, girman kai ya hana ni komawa, har aka kira ni in sallaci gawarsa. Na tsaya gaban sahu ina roƙa masa gafara, ni da ban taɓa neman tasa ba.

Ya Allah, ka haskaka kabarinsa, ka sa ya yafe mini ranar tsayuwa.