Kofin Mai Fenti

Ban tabbata ina da bakin yin magana a kan mijin yayata ba. Shekarun da ya fi shan giya duk ba na nan. Ina karatu a wata ƙasa inda ake ajiye kwalba a kan teburin abinci kamar yadda muke ajiye fulas ɗin shayi, malaminka ya sha a gabanka da rana, ya tashi ya koma aji lafiya ƙalau. Na dawo ina ganin mutanen gidanmu suna zuzuta abin. Amma a can ɗin ma na ga wanda kwalba ta cinye shi ƙurmus, saboda haka ban gama yarda da ra'ayin nawa ba. Abin da aka ba ni labari zan ce an ba ni, sauran kuma na gani da idona.

Mai Fenti kowa ke kiransa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Dogo ne, siriri, faratansa ba sa rabuwa da launin gidan da ya baro. Tun yana saurayi yake kan tsani, kuma ko masu zaginsa ba sa kushe aikinsa. Shan ma a wurin aiki ya samo shi. Abokan aikinsa suna da wata magana, wai warin fenti yana taruwa a ƙirji, sai an kora shi da wani abu bayan an tashi. Wasu madara suke sha. Shi ya bi waɗanda ke cewa madara ta yara ce.

An ce mini abin ya yi ta gaba har ya faɗo daga tsani ya karya wuyan hannu, ya warke ya koma. An ce a gida in ya shigo sai a kwashe duk abin da ke fashewa. Kafin in dawo dai Yaya ta riga ta tattara 'ya'yanta ta koma ɗakin da muka taso a ciki. Babanmu ya rasu, don haka maganar komawarta tana hannun Mama.

Lokacin da na iso, Mai Fenti yana cewa ya daina. Baƙin shayi ya koma wa, mai kaurin da cokali zai iya tsayawa a ciki, fulas ɗinsa kullum tana cikin jakar buroshi. Duk ƙarshen mako da la'asar zai zo daga wurin aiki, ya zauna a bakin kujerar falo kamar wanda aka ara wa wurin, ya gaishe da Mama, ya ɗora ƙaramar 'yarsa a cinya, ya roƙi a mayar masa da iyalinsa.

Mama ba ta taɓa korarsa ba. Shayi take kawo masa, a wani kofin ƙarfe mai ɓalgataccen baki da ta ware masa shi kaɗai a kan tagar kicin. Ba a haɗa shi da sauran kofuna ko a wajen wanki. Yana fita za ta ɗauki kofin da yatsu biyu, ta kai hanci, ta yatsine fuska.

"Har yanzu," za ta ce. "Ku ji wari. Wai ni zai yi wa wayo."

Yaya tana ɗaki duk lokacin da ake wannan.

Wata rana na karɓi kofin na shinshina. Akwai wari kam, mai hawa kai. Amma warin tina ne, ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, su kuma wanke hannu da shi. Duk abin da Mai Fenti ya riƙe sai ya ɗauki warin. Na faɗa wa Mama haka cikin ladabi.

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Iye! Ashe muna da gwani a gidan. Kai ka san warinta ke nan? Abin da aka tura ka koyowa ke nan?"

"Mama, ba sai mutum ya sha ba..."

"Rufe mini baki. Ni da na haife ka ban san wari ba, sai kai?"

Mama ba ta taɓa tsayawa kusa da buɗaɗɗiyar kwalba ba a rayuwarta. Duk wani wari mai yaji a hanci, a wurinta giya ce.

Na sami Mai Fenti a wani bene da yake wa fenti, na ce masa ya riƙa wanke hannu da sabulu sosai kafin ya zo. Yana saman tsani ya tambaye ni dalili, na faɗa masa. Ya sauko a hankali, buroshi na ɗiga a takalminsa.

"Bature," haka yake kirana, "kofina take shinshinawa?"

"In ka tafi."

"Ni ina can ina cewa karramawa ce aka ware mini kofi. Ashe bincikena ake yi kamar ɓarawo." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kuma kai ma ka sa dogon hancinka a ciki. Gidanku dai kowa ɗan sanda ne."

Na ce ni taimakonsa na zo yi. Ya ce in riƙe taimakona, kada fenti ya ɓata mini farar riga.

Duk da haka ya ji maganar, har ya wuce inda na ce. Ya ajiye aikin benen kwanaki kafin zuwansa na gaba, mai gidan ya fusata ya ba wani. Ya dirje hannuwansa da sabulu da lemun tsami har fatar ta yi ja. Ranar ya zo cikin kaya masu guga, ban taɓa ganin faratansa fes haka ba. Ya sha shayin har ƙasa. Maimakon ya ajiye kofin a faranti ya yi sallama, sai ya miƙa wa Mama shi da hannu biyu.

"Mama, ga shi. Yau a gabana za ki shinshina."

Mama ta watso mini harara, sannan ta karɓa. Ba ta ji kunya ba ko kaɗan. Ta kai hanci, ta daɗe.

"Lemun tsami," ta ce. "To ai da shi kuke ɓoye warin. Ka ɗauka ban sani ba?"

"In na zo da wari, na sha. In na zo ba wari, na ɓoye. To yaya kike so in zo?"

"Ni na ce ka zo? Ƙafarka ta kawo ka."

"Matata na zo nema!"

"Matarka? Da kake tangaɗi a kan titi yara suna yi maka waƙa, ka tuna kana da mata? Mashayi kawai."

Ya miƙe tsaye. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya fizge kofin daga hannunta ya maka shi da bango, ya bar tabo a fentin da shi da kansa ya yi mana shekarun baya. Kofin ya yi ta gangarawa a kan siminti. Ƙaramar 'yar ta tsala ihu, babban ɗan nasu ya ja ta suka shige bayan kujera, da saurin da ya nuna mini ba yau suka fara ba.

Yaya ta ɗaga labule ta fito. Ta dubi yaran, ta dubi mijinta.

"Kin gani ko?" in ji Mama. "A buge yake."

"Wallahi ban sha ba," ya ce wa Yaya. "Ki zo ki ji bakina."

Ba ta matsa ba. Ta ce wa yaran su shiga ciki, ta bi bayansu. Ya nemi takalmansa ya fita.

Bayan 'yan makonni Yaya da kanta ta aika masa cewa ya sauwaƙe mata. Ya yi ta aiko mutane, ta ƙi, daga baya ya sake ta. Har yanzu ina haɗuwa da shi a shagon sayar da fenti, fulas a jaka, idonsa garau. Ba ya amsa gaisuwata. Mama kuwa tana gaya wa duk wanda ya zo cewa hancinta ne ya ceci 'yarta.

Wata safiya na tarar da Yaya ita kaɗai a kicin tana jiran ruwa ya tafasa. Na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, ke kin yarda ya daina sha?"

Ta rage wutar. "Ya daina mana. Tun zuwansa na farko na sani, daga yadda yake taka ƙasa. Ni duk shekarun nan cewa nake giyar ce ke jifa da kaya. Ranar nan babu ko ɗigo a cikinsa."